Girki, Sutura da Kwalliyar Mace Ma'aikaciya

Mace ma'aikaciya a biranen Arewacin Nijeriya, ko malamar makaranta ce, ko ma'aikaciyar jinya, ko ta banki, ko mai shago a kasuwa, yininta a rabe yake gida biyu. A ma'aikatun gwamnati ana shiga da ƙarfe 8 na safe a tashi ƙarfe 4 na yamma, a bankuna da asibitoci kuwa lokacin yakan zarce haka. Kafin ta fita sai an karya kumallo, an shirya yara makaranta. Idan ta dawo, tukunyar dare na jiranta. Duk da haka ana so ta fito tsaf, cikin suturar mutunci da tsabtar jiki. Girki da sutura da kwalliya duk albashi ɗaya suke ci, kuma cikin 'yan sa'o'in da aiki ya rage mata ake yin su.

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 lissafin ya ƙara tsanani. Kuɗin mota ya tashi, kayan abinci suka bi sahu, har Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. A watan Yulin shekarar aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, kuɗin da a lokacin ba ya sayen buhun shinkafa mai kilo 50 a kasuwanni da dama. A irin wannan hali tanadi ne ke fitar da mace: ta saya lokacin araha, ta yi aiki mai nauyi sau ɗaya ya wadatar da mako, ta zaɓi abu mai ƙarko, kuma kada neman sauƙi ya taɓa lafiyarta.

Cefane da ajiya

Kowane kayan abinci da lokacin arahar sa. Gero, dawa, masara, wake da gyaɗa sun fi sauƙi da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin da amfanin gona ke kwararowa kasuwanni irin su Dawanau a Kano. Daga nan farashi yakan yi ta hawa har tsakiyar damina. Kayan miya kuwa nasu lokacin daban ne. Tumatir, tattasai, attaruhu da albasa na noman rani ne, daga wurare irin su Kadawa da Kura a Jihar Kano da Danja a Jihar Katsina, saboda haka sukan yi araha daga Janairu zuwa Maris, su yi tsada da zarar ruwa ya sauka. Wani lokaci annoba takan ƙara wa tsadar ƙarfi, kamar yadda tsutsar tumatir ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da maƙwabtansu a 2016.

Wadda ta san wannan jerin lokuta ba ta dogara da cefanen kullum, domin shi ne mafi tsada kuma mafi cin lokaci. Mata uku ko huɗu a ma'aikata ɗaya sukan haɗa kuɗi su sayi kwandon tumatir a kasuwar 'Yankaba ta Kano ko buhun wake, su raba da kwano. Tumatirin da ya yi yawa ana yanka shi a shanya a wuri mai tsabta, a rufa masa yadi marar kauri saboda ƙura da ƙuda, har ya bushe ƙayau. Haka ake yi wa tattasai, kuɓewa, zogale da yakuwa, sai dai ganye a inuwa ake shanya shi don kada launinsa da amfaninsa su tafi.

Wake shi ne mai wuyar ajiya saboda ƙwari. Maganinsa hana shi iska: a bushe shi sosai, a cika jarka ko bokiti mai murfi har baki, a rufe ruf. Akwai kuma buhu mai ruɓi uku, leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro don wannan aiki. Ƙwarin da ke ciki sukan mutu idan iskar ta ƙare. Zuba wa abinci maganin ƙwari na feshi haɗari ne babba, kuma wanki ba lallai ya fitar da shi duka ba. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a zubar da su, domin fumfunar na ɗauke da gubar da ke illata hanta, wuta kuma ba ta kashe ta.

Girkin mako

Abin da ke cin lokaci a girkin Hausa yawanci kafin ɗora tukunya yake: gyaran kayan miya, zuwa markaɗe, surfen wake, tsintar shinkafa, daka da tankaɗe. Idan aka tattara waɗannan a rana ɗaya, Asabar ko Lahadi, girkin sauran kwanaki yakan koma na rabin sa'a.

Tushen komai shi ne soyayyen kayan miya. A markaɗa tumatir, tattasai, attaruhu da albasa da yawa, a dafa har ruwan ya tsotse, a soya da mai, a raba cikin ƙananan robobi, kowace daidai girki ɗaya, a saka a firiza. Daga roba guda ake tayar da miyar dage-dage, ko dafa-duka, ko faten doya, ko taliya, ko miyar taushe idan an ƙara kabewa da gyaɗa da alayyafo. Nama ma a tafasa shi gaba ɗaya da albasa, citta, tafarnuwa da daddawa, a ware tsoka, a raba romon. Da romo a hannu, miyar kuka ko ta busasshiyar kuɓewa ba ta wuce minti 15. Hikimar raba su ƙanana ita ce kada a riƙa narkar da babban mazubi ana mayarwa, abin da ke saurin lalata abinci.

Na biyu shi ne gari iri-iri. Garin ɗanwake da aka haɗa da kuka tun a wurin niƙa sai kwaɓi da ruwan kanwa kawai. Waken da aka surfa, aka shanya, aka niƙa, yana ba da ƙosai ko alala ba tare da tashin asuba zuwa inji ba. Garin kunu da markaɗaɗɗiyar gyaɗa suna sa kunun safe ya sauka kafin yara su gama wanka. Yaji mai ƙuli-ƙuli da soyayyen mai da albasa, idan suna ajiye, garau-garau ya samu da zarar shinkafa da wake sun nuna. Tuwon dare kuma a tuƙa shi da ɗan yawa, a kwashe malmala a ajiye, ya zama ɗumamen safe.

Abincin rana yana daga cikin ƙofofin da albashi ke zurarewa ba a sani ba. Sayen abinci kullum a bakin ma'aikata, idan aka tara na wata, yakan ninka kuɗin na gida. Ƙaramar kula ta wadatar: dambu, kwaɗon zogale ko na rama, alala, ko ragowar dafa-dukar jiya da ta kwana a firji aka ɗumama da kyau.

Ƙarancin nama ba ya nufin ƙarancin gina jiki. Hatsi da wake idan suka haɗu a kwano ɗaya suna cike wa juna giɓi, shi ya sa garau-garau da ɗanwake suke riƙe ciki kuma suke gina jiki. Awara, ƙwai, gyaɗa da busasshen kifi duk sun fi nama sauƙin kuɗi. Mata masu jinin al'ada, da masu ciki da masu shayarwa, suna da buƙatar sinadarin ƙarfe mai ƙara jini fiye da maza. Ana samunsa a hanta, nama, wake da ganye. Matsa lemon tsami a kan abinci ko shan lemon zaƙi bayansa na taimaka wa jiki ya tsotse shi, shan baƙin shayi tare da abinci kuwa yana rage hakan. Game da gishiri, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya kai giram 5 a rana, kimanin ƙaramin cokali ɗaya. Dunƙulen ɗanɗano kansa gishiri ne ya yi masa yawa, don haka ƙara daddawa da kayan ƙamshi a rage dunƙule ya fi wa mai gudun hawan jini.

Makamashi ma yana da hanyoyin tattali. Waken da ya kwana a jiƙe yana nuna da wuri ba sai an cika masa kanwa ba. Rufe tukunya da rage wuta bayan tafasa suna rage cin gas. Tukunya mai kulle tururi tana da tsada a saye, amma tana dafa wake, ganda da ƙafar saniya a ƙasa da rabin lokacin da aka saba. Mai amfani da gas ta riƙa shafa ruwan kumfa a bakin tiyo. Idan ya yi ƙwai-ƙwai, akwai yoyo. Gawayi kuwa ba a hura shi a rufaffen ɗaki ko da sanyi ya yi tsanani, domin iskar da yake fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa.

Kiyaye dafaffen abinci

Girkin mako ba ya amfani sai an iya adana shi, ga zafi ga kuma ɗaukewar wuta. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa ita ce kada dafaffen abinci ya wuce sa'a 2 a ajiye a sarari. Ko dai ya zauna da zafinsa sama da digiri 60, ko ya shiga sanyi ƙasa da digiri 5. Dafaffiyar shinkafa tana buƙatar kulawa ta musamman, domin akwai ƙwayar cutar da ke tsira daga dahuwa, ta yaɗu idan shinkafar ta daɗe da ɗumi-ɗumi, ta bar gubar da ɗumame ba ya kawarwa.

Firizar da ke cike, idan ba a buɗe ta, tana iya riƙe sanyi kusan kwana 2 bayan ɗauke wuta. Wadda take rabi kuwa kwana 1. Cike gurbin da ya rage da robobin ruwa su daskare yana ƙara mata juriya. A unguwar da wuta ba ta da tabbas, dogaro da busassun kaya da gari ya fi dogaro da firji: busasshen tumatir, kuka, kuɓewa, banda da soyayyen naman da ya bushe sosai.

Suturar aiki

Suturar ma'aikaciya abu uku ake nema a gare ta: ta rufe jiki, ta ba da damar motsi, ta jure wanki. A watannin Maris zuwa Mayu zafin Kano, Sakkwato da Maiduguri yakan haura digiri 40, saboda haka yadin auduga mai shan gumi ya fi mai roba, ko da na robar ya fi sheƙi.

Atamfa turmi-turmi ake sayar da ita, kowane turmi yadi 6, kuma daraja-daraja ce. A sama akwai ta kamfanin Vlisco na ƙasar Holan, wanda aka kafa a 1846, sai ta Kodebuwa da makamantanta. A da masaƙun gida ne ke tufatar da mai matsakaicin ƙarfi. An buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, wasu suka biyo baya a Kaduna da Kano, amma yawancinsu sun durƙushe, ita ma babbar masaƙar UNTL ta Kaduna ta rufe a 2007. Yau atamfar Sin ce ta cika kasuwar Kantin Kwari ta Kano, a cikinta akwai mai kyau akwai ta banza. Mai saye ta murza gefen yadin ta ji ko sitaci ne ya ba shi kauri, ta duba ko zanen ya fito sosai a baya kamar gaba, ta kuma goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle ta ga ko yana zuba.

Hausawa sun ce araha ba ta ado, lissafi ma ya yarda da su. A misali, atamfar naira 20,000 da aka sa sau 50 ta tashi a naira 400 kowace sawa, ta naira 8,000 da ta koɗe bayan sawa 10 kuwa ta tashi a naira 800, ban da kuɗin ɗinki da za a sake biya. Kaya kala shida ko bakwai masu kyau da ake juyawa sun fi akwati cike da waɗanda ba su kai shekara.

Ɗinki ma haka yake. Doguwar riga, bubu, ko riga da siket marasa tarkace sun fi sauƙin kuɗi, sun fi saurin guga, kuma ba su tsufa da wucewar yayi. Duwatsu da aikin wuya mai nauyi na kayan biki ne. Mayafai uku ko huɗu masu launin da ke shiga da komai, baƙi, ruwan toka, ruwan ƙasa da ruwan madara, sun isa duk kayan mako. Abaya baƙa guda ɗaya mai kyau tana rufa asiri ranar da aka makara. Takalmi marar tsini ya fi dacewa da mai tsayuwa a aji ko zagayen ɗakin marasa lafiya. Jaka, takalma da rigunan sanyi ana samun masu ƙarko a gwanjo, a Ƙofar Wambai ta Kano ko Kasuwar Barci ta Kaduna, sai dai duk tufar da aka sayo a wanke ta, a shanya a rana, a goge kafin a sa.

Lokacin saye yana da tasiri. Daga tsakiyar azumi zuwa jajiberin Sallah yadi na tsada, teloli na cika da aiki, ɗinki na fitowa a gaggauce, alƙawari na saɓuwa. Wadda ta kai ɗinkinta tun watan Rajab ko Sha'aban ta huta da wannan. Anko kuma shi ne babban mai cin albashin mata ma'aikata, domin biki ba ya ƙarewa tsakanin dangi, maƙwabta da abokan aiki. Ba kowane anko ne wajibi ba. Wanda ya zama dole a yi masa ɗinkin da zai shiga ofis bayan biki.

Kula da tufa rabin sayenta ne. Atamfa da ruwan sanyi da sabulu marar ƙarfi ake wanke ta, ba a barin ta a jiƙe, a juya bayanta a shanya a inuwa. Shaddar da ta kwanta masu bugu na dawo mata da sheƙi, wadda ta koɗe kuma marina na sabunta ta, sana'ar da Kano ta shahara da ita tun ƙarnoni a Ƙofar Mata. Guge kayan mako gaba ɗaya ranar da aka samu wuta yana kawar da fargabar safiya.

Gyaran jiki da kwalliya

Kwalliyar da ta fi daɗewa ita ce lafiyar fata, kuma kayanta ba su da tsada: wanka, isasshen barci, shan ruwa da man shafawa mai kyau. Da hunturu fata na bushewa, leɓe na tsagewa, ƙafa na yin kaushi da faso. Man kaɗanya ko basilin, idan aka shafa jiki na da sauran danshin wanka, suna riƙe laima. Ƙafa a jiƙa ta a ruwan ɗumi, a goge da dutse, a shafe da mai a sa safa a kwana. Sabulun salo yana wanke maiƙo da kyau, amma yana busar da fata, don haka mai busasshiyar fata ta rage shi. Dilka da halawa, waɗanda suka shigo ta hannun matan Sudan da Borno, gyara ne na lokaci-lokaci da mace za ta iya yi a gida ranar hutu.

Gashin da ke yini a ƙarƙashin ɗankwali da hijabi yana buƙatar iska da tsabta. Kitso matsakaici yana kai mako 2, ya ɗauke wa mace wahalar taje kai kullum. Kitso mai tsauri, musamman ƙananan da ake ja a goshi, yana cinye gashin gaba, kuma idan abin ya daɗe ba ya tsirowa. Ɗaure kai da jiƙaƙƙen gashi na kawo wari da ƙaiƙayi. Ruwan karkashi yana wanke gashi ya sa shi santsin tajewa, man kaɗanya kuma ya tausasa shi.

Ma'aikaciya Musulma takan yi alwalar Azahar, wani lokaci da ta La'asar, a wurin aiki, saboda haka kwalliya mai nauyi ba ta yi mata. Hoda kaɗan, jagira da man leɓe sun isa, ana gyara su cikin minti 2, a kuma wanke fuska kafin barci. Lalle ya fi jan farce dacewa da ita, domin ba ya hana ruwa taɓa farce, kuma yana ɗaukar makonni. Jan lalle na ganye ba shi da illa ga yawancin mutane. Baƙin lalle ne abin tsoro, domin sau da yawa ana haɗa shi da sinadarin rina gashi mai suna PPD, wanda ke iya tayar da ƙuraje masu ruwa ya bar tabo. Kwallin dutse ma akwai dalma a cikinsa. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Nijeriya a birnin Boston da aka samu dalma a jininsa, aka gano kwallin da ake sa masa fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Jarirai da masu ciki su ne suka fi shiga haɗari. Humra da turaren wuta, waɗanda matan Borno suka yi fice a haɗa su, kaɗan ke isa: a turara kayan mako a kan kabbasa sau ɗaya, ƙamshin ya zauna a jikinsu ba tare da ya cika ofis ba.

Babbar ɓarna ga aljihu da lafiya ita ce bilicin. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya nuna kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya na amfani da mayukan hasken fata, a 2023 kuma hukumar NAFDAC ta bayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Sinadarai uku ne suka fi yawa a cikin waɗannan mayuka. Hydroquinone, idan aka daɗe ana shafawa, yana barin baƙin tabo mai wuyar magani a kumatu da gaɓoɓin yatsu. Magungunan steroid suna sirantar da fata, su kawo nankarwa da ƙuraje, su hana rauni saurin warkewa. Mercury kuwa yana illata ƙoda da jijiyoyi, yana kuma isa ga ɗan tayi da jaririn da ake shayarwa. Haɗe-haɗen da ake tallatawa a Instagram da WhatsApp da sunan na gargajiya, ba lambar rajista ba jerin abin da ke ciki, ba a san abin da aka zuba musu ba. Mai fama da ƙuraje ko tabo likitan fata ya kamata ta gani, haka ma wadda ta daɗe tana shafa mai steroid, domin dainawa farat ɗaya na iya tayar da fatar.

Kasafi da rabon aiki

Duk waɗannan dabaru kasafi ne ke riƙe su. Ranar da albashi ya shigo a fara ware na abinci, na mota da na makarantar yara, sannan a cire wani abu na ajiya, sutura da kwalliya su ci daga abin da ya saura. Adashi yana amfani sosai idan aka daidaita kwasa da lokacin buƙata: kwasar kaka ta tafi ga hatsi da wake, ta Fabrairu ga kayan miya, ta gabanin azumi ga sutura. Kayan bashi da dillalai ke zagayawa da su ofis-ofis, a biya ƙarshen wata, yawanci sun fi na kasuwa tsada, kuma suna cinye albashi tun bai zo ba.

Rabon aiki a gida shi ma ɓangare ne na tanadi. Matar da ke kawo kuɗi gida tana da haƙƙin a rage mata nauyi. Maigida na iya ɗaukar cefanen wata, kai markaɗe da cika gas. Yaran da suka tasa, maza da mata, suna iya tsintar wake, wanke-wanke, ninke kaya da guge kayan makarantarsu. Inda hali ya ba da damar ɗaukar mai aiki, babba ce ta dace, a yanka mata albashi bayyananne a riƙa biya a kan lokaci, ba yarinyar da ya kamata a ce tana aji ba.